Yuni da Disamba a Zariya da Sauran Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

Masu bibiyar yanayi suna da ranaku biyu da suka fi son kwatanta garuruwansu a cikinsu: wajen 21 ga Yuni da wajen 21 ga Disamba. A ta Yuni, na Landan ya ce tara na dare ta wuce rana ba ta faɗi ba, na Sidni ta Ostireliya ya ce shi yana ƙudundune cikin rigar sanyi. In aka zo kan Bazazzagi sai ya rasa ta inda zai shiga maganar, domin ranar da suke kira tsakiyar zafi shi yana gona yana noman farko, hadari na haɗuwa a gabas. Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai da masu shirin fita karatu waje da abokan majalisa suka fi yi mini.

Me ya sa aka ware waɗannan ranaku biyu?

Duniya a karkace take kewaya rana, da kimanin digiri 23 da rabi, kuma karkatar ba ta sauya alƙibla. Shi ya sa wata shida rabin duniya na arewa ke samun rana sosai, wata shida kuma na kudu. Wajen 21 ga Yuni rana ke kaiwa iyakarta ta arewa, ta tsaya tsakar ka a kan layin da ya ratsa kudancin Aljeriya da Libiya da Masar, ya bi ta tsakanin Makka da Madina. Wajen 21 ko 22 ga Disamba ta kai iyakarta ta kudu, kan Namibiya da Botswana da tsakiyar Ostireliya.

Haska tocila kai tsaye a jikin bango, za ka ga haske ya taru wuri guda da ƙarfi. Karkata ta, hasken ya bazu ya yi rauni. Haka rana take yi wa ƙasa. Ƙasashen da ke can arewa mai nisa suna samun ta a sama, ga dogon yini, a Yuni. A Disamba kuwa tana leƙowa ne ta gefen sama na 'yan sa'o'i ta koma.

Malam, ba kusantar rana ce ke kawo zafi ba?

A'a. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, wajen kilomita miliyan 147, lokacin da muke fama da ɗari. Ta fi nisa a farkon Yuli, wajen miliyan 152. Da kusanci ne ke kawo zafi, da Turai da Afirka ta Kudu sun riƙa yin zafinsu tare.

To mu a Zariya me ke faruwa a ranakun nan?

Abu kaɗan ne, sai mai lura. Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Yininmu mafi tsawo wajen awa 12 ne da minti 45, mafi gajarta wajen awa 11 da rabi. Duk bambancin awa ɗaya da kwata ne. Ladan ya fi kowa sanin wannan: a Yuni da Yuli magariba na kaiwa dab da ƙarfe 7, a Nuwamba da Disamba kuwa 6 da 'yan mintoci an kira salla. A Landan yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai cika 8 ba.

In kana son ka gani da idonka, kafa sanda a tsakar gida ka duba inuwarta wajen 12 da rabi na rana, domin a lokacin ne rana ke raba tsaka a Zariya bisa agogonmu. A Yuni inuwar guntuwa ce, kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawon sandar, kuma kudu ta nufa, saboda rana ta wuce mu ta yi arewa. A Disamba inuwar ta juya arewa, ta kai kamar kashi biyu cikin uku na sandar. Sau biyu a shekara kuma, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta, inuwar kan ɓace ƙarƙashin sandar baki ɗaya. Mutumin Landan bai taɓa ganin wannan a garinsa ba. Inuwarsa ta tsakar rana kullum arewa take, kuma a Disamba ta kusa ninka tsawonsa huɗu.

Tsofaffin cikin birni sun san abin ko ba lissafi. Duba inda suke shimfiɗa buzu da hantsi a Janairu: jikin katangar da ke kallon kudu maso gabas ne.

In yini ya fi tsawo a Yuni, me ya sa Afrilu ya fi zafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wanda ya gane amsarta ya daina ƙoƙarin cusa shekararmu cikin kalandar Turawa. Su tsayin rana da tsawon yini ke juya shekararsu. Mu iska da ruwa ke juya tamu.

Iska biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga hamadar Sahara, tana busowa daga arewa maso gabas. Ɗaya mai laima ce daga Tekun Atlantika, tana zuwa daga kudu maso yamma. Inda suke haɗuwa ba wuri ɗaya ba ne kullum. A Janairu mahaɗar tana can kusa da bakin teku, mu muna hannun iskar hamada. Daga nan ta riƙa hawowa arewa tana bin rana a baya, ta wuce mu, har a Agusta ta kai cikin Nijar wajen digiri 20 arewa da ikwaita, sannan ta juyo.

A Maris da Afrilu rana ta riga ta hau kusan tsakar ka, amma ruwa bai iso ba. Sama tas take, ƙasa a bushe, ciyawa ta ƙone. Duk zafin da ya sauko ba shi da aikin yi sai gasa ƙasa da kwanon rufi. Da rana ma'aunin zafi na kaiwa digiri 35 zuwa 38 a Salshiyas, wani lokaci ya doshi 40. A ƙarshen bazara kuma laima ta fara shigowa ba tare da ruwa ba, shi ne daren da ake fitar da tabarma tsakar gida, ruwan randa ya ƙi sanyi, masu ƙanƙara su yi ciniki. Da damina ta kankama sai gajimare ya tare rana, ƙasa mai danshi ta shanye zafin wajen fitar da tururi. A Agusta, lokacin marka, yini da yawa ma'auni ba ya kai 30. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba sai zafin agajeri ya ɗan taso, kafin hunturu ya kwantar da shi. Ka ga ke nan zafinmu biyu ne, sanyinmu ma biyu, kuma ba ko ɗaya da ya faɗo daidai 21 ga Yuni.

Abin sha'awa, in ka bi hanya daga kudu zuwa arewa za ka ga watan zafi yana matsawa gaba. Legas ta fi zafi a Fabrairu da Maris, Zariya a Afrilu, Sakkwato a Afrilu da Mayu, Agadas a Mayu da Yuni. Sai ka kai tsakiyar hamada a Aljeriya, inda damina ba ta isa, sannan Yuli ya zama watan zafi. Indiya ma irin tamu ce: Delhi ta fi ƙuna a Mayu da Yuni, kafin ruwa ya iso mata.

Laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Ya abin yake?

Iskar laima a ƙasa-ƙasa take tafiya. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin bayan ya haɗu. Don haka matar da ta ga gabas ta yi baƙi ta ruga kwashe shanya ba ta yi kuskure ba.

Tsakani da Allah, ɗarinmu na hunturu ya kai sanyinsu?

A ma'auni bai ko kama ƙafarsa ba. Da asubar Disamba da Janairu Zariya kan sauko digiri 12 zuwa 15, a wasu ranaku ƙasa da haka kaɗan. A Landan, a Janairu, tsakar rana ma wajen digiri 8 ne. Wato asubar da ke hana ɗalibin Samaru fita lacca ta fi tsakar ranarsu ɗumi.

Amma jiki magayi. Iskar hunturu a bushe take ƙayau, laimarta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, sai ta tsotse ruwan fata. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya, man kaɗanya da basilin su yi kasuwa. Gidajenmu kuma don zafi aka gina su, ba abin ɗumama ɗaki, ga alwalar asuba, ga wanka da bokiti. Ɗan acaɓa da ke ɗauko fasinja daga Kwangila zuwa Samaru da sassafe, iska na dukan ƙirjinsa, ba ruwansa da abin da ma'auni ya ce. Almajirin da ya kwana a zaure da 'yar riga ɗaya ma haka.

Babban bambancin shi ne namu yana sakinmu. Da yake sama ba gajimare, zafin ƙasa kan tsere da dare, da rana ta ɗaga kuma ya dawo. Wanda ya sha shayi da hular sanyi a Tudun Wada ƙarfe 7, kafin azahar ya tuɓe ta, ma'auni ya doshi 30. Tazarar asuba da la'asar a yini ɗaya na hunturu ta fi tazarar matsakaicin watanmu mafi zafi da mafi sanyi. Nasu kuwa ba ya saki: yini da kwana yake, ga jiƙa, ga duhu tun kafin ƙarfe 4 na yamma. A ganina duhun ne ya kamata mai shirin tafiya ya fi shirya wa zuciyarsa, domin riga ana saye.

Hazon da ke rufe dutsen Kufena har a daina ganinsa kuwa, mafi yawansa daga Bodele yake, wani kwari a arewacin Cadi da a zamanin da ƙasan babban tafki ne. Ƙurar wurin har ƙetare Atlantika take yi ta sauka a dajin Amazon. Ita ce ke dakatar da jirage a Kano da Kaduna wasu ranaku. Sanyin da ke tafe da ita kuma shi alkama da tumatir ke so, shi ya sa masu noman rani a bakin Galma ba sa ƙorafi.

Gargaɗi guda: kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Me ya sa garuruwa biyu masu nisa ɗaya daga ikwaita ke shan bamban?

Teku ne. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, don haka garin da iskar teku ke busa wa ba ya tsananta ta kowane gefe. Landan ta fi Winnipeg ta Kanada zama arewa, amma matsakaicin Janairun Landan wajen digiri 5 ne, na Winnipeg kuwa wajen 16 ƙasa da sifili. Ita Landan tana cin albarkacin iskar da ke ratso ruwan ɗumi na Atlantika, ita kuwa Winnipeg tana tsakiyar tudu.

Ƙarshen misali shi ne Verkhoyansk a Saibiriya ta Rasha. A 1892 an auna digiri 67.8 ƙasa da sifili a can. Ranar 20 ga Yuni, 2020, garin ya kai digiri 38, irin zafin Afrilun Zariya. Gari ɗaya, tazarar ta haura digiri 100.

Wannan jinkiri na ruwa da ƙasa shi ne kuma ya sa ko a Turai ba 21 ga Yuni ce ranar da ta fi zafi ba. Zafin sai ya taru, ya kai ƙololuwa a Yuli da Agusta, sanyi kuma a Janairu da Fabrairu.

Da gaske ne akwai inda ake Kirsimeti cikin zafi?

Ƙwarai. Duk abin da ke kudu da ikwaita a juye yake: Ostireliya, Ajantina, Afirka ta Kudu. Disamba ne lokacin zuwa bakin teku a Sidni. A Yuni da Yuli, muna cin masara sabuwa, dusar ƙanƙara na rufe duwatsun Lesotho, kuma a Yulin 2023 ta sauka har cikin Johannesburg.

Ina ne aka auna zafi da sanyi mafi tsanani?

Zafin da ke rubuce a matsayin mafi girma shi ne digiri 56.7, a Death Valley ta jihar Kalifoniya, ranar 10 ga Yuli, 1913, ko da yake wasu masana na shakkar ingancin awon. Wanda ba a jayayya sosai a kansa shi ne 53.9 na Mitribah a Kuwait, a Yulin 2016. Sanyi mafi tsanani shi ne 89.2 ƙasa da sifili, a tashar bincike ta Vostok da ke Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ranar 21 ga Yuli, 1983. Duka ukun a Yuli ne.

Ana cewa zafi ya kashe mutane a Turai a digiri 35, mu kuwa muna zuwa kasuwa a 38. Raki ne?

Ba raki ba ne. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi, da yawansu ba fanka balle na'urar sanyaya ɗaki, rana kuma na dukan ginin awa 16, dare gajere bai isa ya huce ba. Yawancin waɗanda abin ke kaiwa lahira tsofaffi ne masu zaman kaɗaici. Birtaniya ba ta taɓa auna digiri 40 ba sai 19 ga Yuli, 2022, da aka samu 40.3.

Laima ma tana da hannu. Zufa sai ta bushe take sanyaya jiki. Digiri 38 a busasshiyar iskar Maris a Zariya ya fi sauƙin ɗauka a kan 33 na Legas, inda zufa ke tsayawa a fata ta ƙi tafiya.

Kada kuma mu yi alfahari da yawa. Zafin bazara yana kwantar da namu tsofaffin da jarirai, kuma a ƙarshen rani ne sanƙarau ke yaɗuwa a cunkusassun ɗakuna. A hajjin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar Yuni, zafi a Makka ya haura digiri 50, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Landan ai kullum ruwa ake yi. Ta fi mu samun ruwan sama ke nan?

Ba ta fi mu ba. Landan na samun wajen milimita 600 a shekara, Zariya kuwa wajen 1,000 ko ɗan fiye. Nasu yayyafi ne da ya warwatsu cikin wata goma sha biyu. Namu kusan duka yana zuba ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kuma hadari guda na Agusta zai iya sauke abin da suke samu a wata, Kubanni ta cika ta yi ambaliya, katangun ƙasa su zube.

Yaya Musulmin can suke yi da azumi da salla?

Watan azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya kewaye shekarar rana cikin wajen shekara 33. Mu a nan tsawonsa ba ya sauyawa sosai, daga awa 13 zuwa 14 ne. Abin da ke sauya mana shi ne ƙishirwa: azumin Afrilu daban, na Agusta daban. A 2015 da 2016, da ya faɗo cikin Yuni, na Landan sun riƙa kai awa 18 da ɗoriya. Yanzu kuwa yana gangarawa cikin lokacin sanyinsu, a 2030 ma sau biyu zai kama, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. A lokacin su za su riga mu shan ruwa da nisa.

A Tromso ta ƙasar Norwe abin ya wuce tsawon yini. Daga wajen ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sam, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa. Malamai sun ba da fatawar a ƙaddara lokaci, wasu suka ce da na Makka, wasu suka ce da na gari mafi kusa inda dare da yini ke rarrabuwa. Wanda tafiya ta kai shi can ya tambayi limamin garin.

Dusar ƙanƙara za ta iya sauka a Zariya?

Ba a sa rai. Lokacin da muke da ɗari ba mu da gajimare, lokacin da muke da gajimare ba mu da ɗari, kuma ko ɗarin bai kusanci sifili ba. Ƙanƙarar da kan faɗo da hadarin farkon damina ta huda ganyen masara wata aba ce daban, can saman hadari take daskarewa ta faɗo kafin ta narke. A Afirka tsayi ke kawo dusa. Ain Sefra ta Aljeriya, a bakin hamada, ta gan ta a 1979 da 2016 da 2018, kuma kan dutsen Kilimanjaro akwai ƙanƙara alhali yana dab da ikwaita. Tsayin ne ma ya sa Jos, mai wajen mita 1,200, ta fi mu sanyi, mu kuma da ke sama da mita 600 muka fi Sakkwato sauƙi.

Ɗan'uwana a Amurka ya ce zafinsu ya kai 100. Zai yiwu?

Ma'auninsu ne daban. Su Farenhait suke amfani da shi, mu Salshiyas. Cire 32 daga adadinsa, ka ninka da 5, ka raba da 9. Ɗarin nan tasa ba ta kai 38 ba a namu.

Ina son in fara auna na unguwarmu. Da me zan fara?

Da ƙaramin ma'aunin zafi mai riƙe adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta na yini. Inda za ka ajiye shi ya fi tsadarsa muhimmanci. Tashoshin yanayi, irin ta cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, suna sa nasu cikin farin akwati mai ramukan shan iska, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a fili. Kai ma nemi inuwa mai iska, nesa da bango da kwano da madafa. Ma'aunin da aka bari a rana, ko na cikin motar da ta yini a tashar Sabon Gari, zafin ƙarfe yake faɗa maka. Adadin da waya ke nunawa kuma hasashen kwamfuta ne, ba awon ƙofar gidanka ba.

Na ruwan sama ba sai ka saya ba. Sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da indararo da bishiya, ka auna zurfin ruwan da rula kowace safiya a lokaci guda, ka zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Rubuta kwanan wata, da ranar ruwan farko, da ranar ruwan shuka, da ranar da hazo ya fara sauka. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, sai ka ajiye shi kusa da littafinka ka gwada su a Oktoba. In kuma za ka aika wa na wata ƙasa adadinka, haɗa da lokacin da ka auna da yawan laima, domin 30 ɗin Janairu da 30 ɗin Yuni a Zariya ba ɗaya ba ne a jiki.